Ajiyar Gwamna a Rudun Inno

"Kai, sauko! Kai mai jar hula, da kai nika!"

Muna dab da shiga Bodinga ke nan, a wani shinge da aka gitta da itace da tsofaffin tayoyi. Ɗaya daga cikin masu tsaron shingen ya leƙo ta tagar mota daidai lokacin da nake nuna wa na kusa da ni hoto a waya. Kafin in kashe allon har ya miƙo hannu.

"Mi na wanga?"

Na ce, "Wallahi abin da na taso daga Kano in tambaya ke nan."

"Kana yawo da hoton bom cikin waya, kuma kana ce min ba ka san ko mi na ba?"

Direba ko kallona bai yi ba. Ya sauke min jaka a bakin kwalta, ya ce Allah ya kyauta, ya ja motarsa. Har wanda nake nuna wa hoton, da muka raba gyaɗa tun daga Sakkwato, ya juya kai kamar bai taɓa ganina ba.

To, tunda kun ishe ni a grup da "Nasiru yaya Sakkwato, Nasiru me ka samo," ga labarin nan, sau ɗaya zan faɗa, babban yatsana ba inji ba ne.

Suka zaunar da ni a kan benci, suna ta miƙa wa juna wayar. Hoton ma duhu ne, ɗan Baffana ya ɗauka da wata tsohuwar waya ya turo, ba abin da kake gani sai ƙarshen wani ƙarfe mai tsini a cikin bukka. Sai wani dattijo a cikinsu ya tambaye ni gidan wa zan je. Na ce gidan Arzika, wata 'yar tunga bayan Kajiji. Ya ƙara duban hoton, sai ya bushe da dariya har yana dukan cinya.

"Ku ba shi wayatai! Jikan ɓarawon Gwamna na. Abin ga ya girme mu duka, tun ina ɗan yaro nika jin labarinai."

Suka sake ni, har da ba ni ruwa. Na karɓa na ajiye a kan bencin. Wato a garin ubana, zagin da ake wa gidanmu shi ne ya zama katin shaidata.

Bari in koma baya kaɗan don wanda bai sani ba. A Kano aka haife ni, amma babanmu mutumin ƙasar Shagari ne. Arzika kakansa ne. A gidan akwai wani ƙarfe da ya faɗo daga jirgin sama zamanin Turawa, lokacin yaƙin Bama, kuma tun daga lokacin yana nan a ajiye, ana ce masa ajiyar Gwamna. Bana Baffa Altine, ƙanen babanmu, ya gaji ya kira 'yan gwangwan su zo su ɗauka. Sai Inno, 'yar autar Arzika, wadda ita kaɗai ta rage a cikin 'ya'yansa, ta ja tabarmarta ta shimfiɗa a ƙofar inda ƙarfen yake. Ta ce ba mai fitar da shi sai an gaya mata mene ne, don a kansa aka tafi da ubanta bai dawo ba. Har abinci ta rage ci. Babanmu ƙafa ta hana shi tafiya, sai ya ce, "Kai ne kullum kanka a waya. Je ka nuna mana amfaninta."

A Bodinga na tsaya na ci abinci don yunwa ta fi fushin. Nan na fara cin hoce. Wanda bai sani ba, wani abu ne na dawa da ake gasawa, kamar waina amma ba mai, da ɗan tsami, sai a murmushe shi da ƙuli da albasa. Cizon farko na ɗauka an ba ni murfin tukunya. Mai sayarwar ta ce, "Bakano, haƙoranka na biredi na." Ban tashi ba sai da na ƙara. Albasa kuwa kada ku yi maganarta, can ba yankawa ake ana lissafi kamar gidajenmu ba, zubawa ake kamar an tsane ta.

Daga nan mota zuwa Shagari, sai babur. Na tsaya ina kiran "acaɓa, acaɓa," ba wanda ya waiga. Ashe kabu-kabu suke cewa. Wanda ya ɗauke ni ya ɗaura buhun taki a bayana, ya rataya min kaji a gwiwa, ya ce duk hanya ɗaya ce. Bayan Kajiji muka faɗi a cikin rairayi, ni da kajin da takin. Ya tashi ya fara duba kajin.

Gaisuwa a ƙauyenmu aiki ce. Mu a Kano kana tafiya kana "ya aiki, ya gida," ka wuce. Can sai ka cire takalmi, ka durƙusa, a tambaye ka gajiya, a tambayi ubanka, a tambayi ƙafar ubanka, a yi shiru kaɗan kamar an gama, kana shirin miƙewa sai a sake ɗaukowa daga farko. Gwiwata ta yi tsami kafin in kai wurin Inno.

Tana nan a kan tabarmar, 'yar ƙarama kamar a saka ta a aljihu, da sandarta a gefe. Ta kalle ni daga sama har ƙasa.

"Wanga shi na mijin nau da anka aiko min? Wando ya matse shi awa an ɗaure akuya. Ku mai da shi, ban so."

Na ce, "Ni ma ai ba don ke na zo ba, tsohuwa, don ƙarfen na zo. Ya fi ki kyau."

Ta kai min sanda, tana dariya ba haƙori. Sai dariyar ta ɗauke. Ta ce in shiga in gani.

Rudu ne, irin bukkar karan da suke adana albasa a ciki, amma wannan ya fi na albasar kyau. Jinkar sabuwa fil. Baffa Altine, yana tsaye a baya yana huci, ya ce duk shekara sai an sake ta, ko da ɗakin mutane na yoyo. Tun zamanin kakarsa haka ake. A ciki an ɗora ƙarfen a kan wasu itatuwa don kada ya taɓa ƙasa. Kamar ƙaton kifi marar wutsiya yake, gaba da kauri, baya da tsini, in na kwanta kusa da shi ya ɗan fi ni tsawo. Gefe ɗaya ya lotse. Ba tsatsa ko kaɗan. Na miƙa hannu, sai matan gidan suka yi salati a tare. Ba a taɓa shi. In za a gyara rudun ma da alwala ake shiga, a hankali, kada a buge shi ya tashi da garin.

A nan bakin rudun Inno ta ba ni labarin, da hantsi, kaji na ta yawo a kanmu. Ta ce da kaka ne, ana yankan gero. Jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa yana ƙara, sai abin ya rabu da cikinsa ya faɗo a gonarsu. Mutane suka watse. Da aka ga shiru, ubanta ya je ya duba. Wani wari ke fita daga cikinsa mai sa ido hawaye. Arzika ya ce wannan tsintuwa ce, kuma hukuncin tsintuwa sananne ne: ka adana, ka yi cigiya, har mai abu ya zo. Ya ɗaura masa igiya, jakinsa ya jawo shi gida. Ya aika wa mai gari, mai gari ya aika wa hakimi. Har kasuwar Shagari ya sa aka yi shela, wai wanda abinsa ya faɗi daga sama ya zo gidan Arzika.

Jama'a, ku ji fa. Mutum ya yi wa jirgin yaƙi cigiya a kasuwa.

"Sai Di'o, Baturen mulki, yaz zo bisa doki," in ji Inno, "shi da wani Nasara, da tafinta, da 'yan doka. Ni ina laɓe bayan rumbu. Baba yas sa rigatai ta Juma'a, yana tsammanin godiya za a yi mai. Di'o yaƙ ƙwanƙwasa abin da sandatai, gwam gwam. Yad dubi ɗan'uwanai, sunka yi dariya. Dariyag ga, Nasiru, ita ta ban gane ba har yau."

Bayan dariyar tafinta ya ce wai Arzika ya saci kayan yaƙin Sarkin Ingila, ya ɗauke daga inda ya faɗi ba da izini ba. Aka kwantar da shi a ƙofar gidansa, cikin rigar Juma'ar, aka yi masa bulala. A lokacin ana ɗibar mutane ƙarfi da yaji zuwa haƙar kuza a duwatsun Jos, sai aka haɗa da shi. Abin kuma suka bar shi a nan, suka ce kayan Gwamna ne, kada kowa ya taɓa, za a aiko a ɗauka. Waɗanda suka dawo daga kuza suka ce sanyi ya kama ƙirjin Arzika, an binne shi can, ba su ma iya kwatanta wurin ba.

Ba a aiko ba. Turawa suka tattara suka tafi, ba a aiko ba. Gidanmu kuwa aka ci gaba da jinka, sunan ɓarawon Gwamna ya zauna. Inno ta ce tana budurwa in ta je rijiya da shi ake tsokanarta.

"Ni dai a hwaɗa min. In bom na, to Baba ya jawo wa gari mutuwa, ya yi kuskure, in roƙa mai gafara. In wani abu na mai daraja, in san darajar da tak kai a kashe mutum. Amma ba ni tahiya lahira in gamu da shi ban sani ba."

Baffa Altine ya ce, "Inno, alminiyam na, ana auna shi a kilo, shi ke nan."

"Kai ma a auna ka a kilo," in ji ta.

Ɗakin da aka ba ni na wani ɗan Baffa ne da ya tafi cirani, rabinsa buhunan albasa. Har yau jakata warin take. Da safe aka kawo min fura, su hura suke cewa, a ƙwarya guda wai in karya. Mu da muka saba da shayi rabin kofi. Na sha na kasa tashi.

Matsalar ita ce sabis. Babu ko ɗigo a tungar. Akwai wani tudu da suka ce in ka hau ka ɗaga hannu yana kamawa, na hau na ɗaga har kafaɗata ta ƙage, ba abin da na kama sai rana. Dole in ɗau hotuna, in hau kabu-kabu zuwa Shagari, in zauna a rumfar mai caji in tura. Ku kun san Sadik na grup ɗin nan, babansa tsohon injiniyan jiragen soja ne, ya yi ritaya yana Kaduna. Shi na tura wa.

Baba Injiniya bai san wahalar hanyar ba, sai ya riƙa aiko tambaya ɗaya-ɗaya. Yana da fukafukai a bayansa? In hau babur in koma in duba, babu. In dawo. To a samansa akwai wasu kunnuwa na rataya? In koma. Mai kabu-kabun har ya daina tambayata ina za ni, yana ganina sai ya tayar. Ranar da na ce zan juya ƙarfen in ga samansa, don ashe a kife yake tun da can, sai da aka kwashe yara zuwa gidan maƙwabta. Baffa ya kama gaba yana karanta duk abin da ya haddace, na kama baya. Muka ɗaga. Wallahi saura kaɗan mu faɗi, don mun sa ƙarfin ɗaga dutse, abin kuwa ba nauyi, ko buhun gero bai kai ba.

A samansa ga kunnuwan nan, ga wani ɗan bututu, ga murfi zagayayye kamar na tankin mota. Kusa da murfin akwai 'yar farantin ƙarfe da rubutu, duk ya shafe, sai haruffan farko na kalmar galan suka rage. Na ɗauka da kyau na koma Shagari.

Wannan karon kira ya yi.

"Nasiru, ka ce jaki ɗaya ne ya jawo shi?"

"E, Baba."

"To ka gaya wa mutanenku su kwantar da hankalinsu. Tankin mai ne. Ƙananan jiragen yaƙi na wancan zamanin cikinsu ba ya ɗaukar man doguwar tafiya, sai a rataya musu wannan a ƙarƙashi. A lokacin ana ta wucewa da su ta Kano zuwa gabas, wataƙila wannan hanya ya ɓata. In man ya ƙare, ko jirgin ya shiga matsala yana son rage nauyi, akwai abin da matuƙi zai ja, tankin ya faɗi."

Na ce, "Baba, wato ba ɓallewa ya yi ba?"

"Yar da shi aka yi. Don a yar aka ƙera shi. Kamar ka sha lemon gwangwani ka jefar ta taga."

Na tambaye shi ko Di'o zai iya sani. Ya ce shi ba ya wurin, ba zai yi wa mamaci shaida ba. Amma duk wanda ya ƙwanƙwasa ya ji fanko, ya ga murfi, ya shaƙi warin fetur, ya san ba bom ba ne. Ya ce, "Kuma mutum ba ya dukan bom da sanda."

Na zauna a rumfar mai cajin nan na dafe kai. Mai rumfar ya ɗauka rasuwa aka yi min, har ya fara min gaisuwa. Kusan haka ne ma. Ku duba fa: an jefo wa mutum shara a gonarsa yana tsakiyar yankan gero, da a kansa ta sauka shi ke nan. Ya ɗauka ya adana musu, ya yi cigiya, ya sa rigar Juma'a. Suka zo suka ga shararsu ce, suka yi dariya, suka zane shi a gaban 'yarsa, suka aika shi ramin kuza ya mutu. Ko ɗaukar abin ba su yi ba, don ba shi da amfanin da za a ɗora wa jaki. Mu kuma muka yi ta yi masa jinka, muna shiga da alwala.

A hanya na yi ta tunanin in sassauta mata, in ce wani sashe ne mai muhimmanci. Da na durƙusa a gabanta na kasa. Mutanen gida duk sun taru, har da mai gari. Na faɗa mata yadda Baba Injiniya ya faɗa, har da maganar gwangwanin lemo.

Ta shiga murza bakin zanenta.

"Ba shi hwashewa?"

"Ba ya fashewa, Inno."

"Ba su son shi tun hwarko?"

"Su suka yar."

"To Baba bai yi sata ba. Ba a satar abin da anka yas."

Mai gari ya ce, "Ƙwarai, Inno. Kowa ya ji."

Ta ce, "Na gane dariyar."

Sai ta ce a tashe ta. Ta dogara sandarta ta shiga rudun, ita da tun tana yarinya ba ta taɓa kai hannu jikinsa ba. Ta ɗaga sandar ta maka masa. Gwam! Kaji suka watse, wata mata ta ruga da goyo. Ta ƙara. Ta ƙara, har sai da numfashinta ya sarƙe Baffa ya riƙe ta. Ta ce a kware jinkar yanzu-yanzu a kai wa awaki, shi kuma ƙarfen ya kwana a fili kamar yadda ubanta ya kwana a sanyi. Sannan ta juyo ta ce, "Ina hurar tau? Kuna son ku kashe ni da yunwa?" Ranar ta shanye ƙwaryarta tas.

Baffa Altine ya matso yana murmushi, wai to yanzu sai a kira 'yan gwangwan. Ta ce ya kira su su auna uwarsa.

Da a nan ya ƙare da na ce alhamdulillahi. Amma Sadik, da karambaninsa, ya saka hotunan a wani dandalin Turawa masu son tsofaffin jiragen yaƙi. Suka tabbatar da maganar babansa, suka yi ta musu a kan wane irin jirgi ne, kowa na murna kamar an yi masa haihuwa. Sadik ya rubuta musu labarin Arzika a ƙasa, 'yan kaɗan ne suka kula, sauran suna tambayar a ƙara hasko murfin. Ina sauka a Kano sai ga saƙo daga wani a cikinsu, da ladabinsa da komai. Wai irin wannan tankin ya yi wuya yanzu, suna da ɗan gidan tarihi a garinsu, ko iyalinmu za su yarda a kai shi can inda za a kula da shi yadda ya kamata.

Yadda ya kamata! Mu da muka hana kanmu jinka muka ba shi.

Na aika a gaya wa ɗan Baffa, ya hau tudun nan da Inno a bayan babur, da ƙyar muka ji juna. Na karanta mata. Ta ce, "Ashe sun aiko." Ta yi 'yar dariya. Ta ce in gaya masa Baba ya yi cigiya, kuma cigiya ba ta ruɓewa, mai abu shi zo shi ɗauki abinai. Amma shi zo da ƙafatai, shi durƙusa ƙofar gidan ga inda anka kwantar da Baba, shi hwaɗa gaban mai gari da jama'a ko mi na abin ga. In ya tashi zuwa kuma shi biyo ta Jos shi nemo mata kabarin ubanta.

Babanmu ya ce in rubuta masa da lalama, shi wannan ba shi ya yi bulalar ba, wataƙila ma ba a haifi ubansa ba a lokacin. Baffa ya ce in tambaye shi ko zai saya. Ni kuwa saƙon na nan a buɗe a wayata tun shekaranjiya, in rubuta in goge, don duk abin da ya fito daga yatsana ba mai aikuwa ba ne.

To ku da kuka dame ni da tambaya, ga tawa: in kakanku ne aka yi wa haka a kan gwangwani, me za ku rubuta wa Baturen nan?